Ciyawar da aka aske a harabar gida: a kai ta lambu ko a zubar?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Hajiya, na saurari saƙonki, sai yanzu na samu sukuni. Kin ce yaron da ke aske muku ciyawar harabar gida a can Malali yana tara ta buhu-buhu, kina so ki shimfiɗa ta a gindin tumatir da barkono, amma akwai ciyawar banza gauraye a ciki, kina tsoron kar ki shuka wa kanki aiki. To, tsoron naki yana kan hanya, amma ba kowane yanka ne abin tsoro ba.

Kin ga ganyen ciyawa, ko wace iri ce, in aka yanke shi ya bushe, shi ke nan, ba ya tashi. Abin da ke tashi shi ne iri, sai kuma jijiya da karan wasu ciyayin. Saboda haka kafin yaron ya kunna inji ko ya ɗauki langa-langa, ki fita da kanki ki duba. In tuji ko harkiya sun fitar da kai, ko ƙarangiya ta fara kama zane, ko kashin yawo ya yi ƙaya, to wannan yankan kar ya shiga lambu. A nan Kaduna an fi samun haka a Satumba da Oktoba, lokacin da kowace ciyawa ke gaggawar zuba iri kafin ruwa ya ɗauke. Yankan Yuni da Yuli kuwa, in dai ana aski a kai a kai, yawanci ganye ne zalla.

Wadda nake so ki fi sa wa ido ita ce kiri-kiri. Ita ba ta jiran iri. Kowace gaɓa a jikinta, in ta taɓa ƙasa mai laima, sai ta yi saiwa, kuma gindin tumatir da kike ba ruwa kullum shi ne wurin da take nema. Balasa ma haka take, karanta yana riƙe ruwa, sai ki ga kamar ta mutu alhali tana nan. Aya-aya kuwa, 'ya'yanta a ƙarƙashin ƙasa suke, inji ba ya tono su. Amma in da fartanya aka nome ta aka haɗa cikin buhun, wallahi ware ta za ki yi, don in ta kama wuri sai an yi shekaru ana fama.

Yauwa, sai batun shimfiɗawar. Kar a zuba ta ɗanya. Ɗanyar ciyawa kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ce, in aka jibga ta sai ta ɗauki zafi, ta yi wari, ta manne kamar tabarma, ruwan da kike ba shukar ma ba zai ratsa ba. A baza ta kan siminti ta sha rana kwana biyu ko uku, ana juyawa. In kina zargin akwai kiri-kiri, a bar ta sai ta bushe ƙayau tana karyewa a hannu. Sannan a shimfiɗa kaurin yatsa biyu zuwa uku, a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da karan shukar, saboda ruɓa da kuma gara. Kin san mu nan gara ba ta raina busasshen abu, sai a riƙa ɗagawa ana leƙawa.

Ni in za ki bi tawa, cikin Agusta ma kar ki wahalar da kanki, ƙasa a jiƙe take. Ki busar, ki adana a buhu inda ruwa ba ya taɓawa. Ranar amfaninta tana nan zuwa, wato hunturu da bazara, lokacin da za ki ba da ruwa da safe kafin azahar ƙasa ta bushe.

Af, na kusa mantawa, ki tambayi yaron ko yana yi wa ciyawar feshi. In an fesa maganin kashe ciyawa mai faɗin ganye, irin su 2,4-D, kar yankan da ya biyo baya ya kusanci tumatir, don ba ya jure shi ko kaɗan, ganyensa nannaɗewa yake yi.

Ita kuma ciyawar da ta riga ta yi iri, ba lallai a ƙona ta ba. A tara ta wuri guda da kashin dabbobi da busasshen ganye, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa. Sai tsakiyar tarin ya kai zafin digiri 55 zuwa 60 kafin yawancin irin ya mutu, kuma gefe-gefen ba ya kai haka, shi ya sa ake mayar da na waje ciki. In babu mai wannan haƙurin a gidan, a zuba ta ƙarƙashin mangwaro, inda inuwa ke danne abin da ya tsiro, wanda ya fito kuma fartanya ɗaya ta ishe shi.

To Hajiya, an kira magariba. In kin duba kin ga wata ciyawar da ba ki gane ba, ki ɗauko hotonta ki turo nan.