Shin in sayar da gona in saya wa ɗana gurbin aiki?

Tambaya: Ɗana ya kammala digiri da hidimar ƙasa shekara uku ke nan yana zaune a gida. Masana a rediyo kullum suna gardama, wasu na cewa gwamnati ta ɗebi matasa aiki, wasu na cewa a sakar wa 'yan kasuwa mara. Yanzu wani ya ce in kawo naira miliyan biyu ya samo masa gurbi a Abuja, kuma ba ni da abin sayarwa sai gona. Daga wani uba a Zariya.

Amsa: Malam, an gwada hanyoyin biyu a Najeriya. Bayan tsarin SAP na 1986, wanda ya rage hannun gwamnati a tattalin arziki ya sakar wa 'yan kasuwa mara, naira ta karye, rashin wuta da yadin fasa-ƙwauri suka durƙusar da masaƙun Kaduna da Kano, har babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007. Shirin N-Power na 2016 kuwa, wanda gwamnati ta ɗebi matasa aikin wucin gadi, ya biya su naira 30,000 a wata, da wa'adi ya cika da yawansu suka koma zaman gida.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne tunanin da nake ji kullum, cewa ba a kiran abu aiki sai na gwamnati, domin da shi 'yan damfara suke farauta. A watan Maris na 2014 matasa dubu ɗaruruwa suka cika filayen wasa suna neman gurbin da bai kai 5,000 ba a hukumar shige da fice, kowa ya biya naira 1,000, aka yi turmutsitsi aka rasa rayuka. Mai sayar da gurbi zai miƙo muku takardar ɗaukar aiki mai hatimi da sa hannu, yaro ya ɗinka sabuwar kaftani ya tafi Abuja, ya yi watanni ba albashi saboda sunansa ba ya cikin IPPIS, wato tsarin biyan albashin ma'aikatan gwamnatin tarayya, ranar tantancewa a ce masa takardar ta jabu ce. Zuwa lokacin wayar dillalin a kashe take, ku kuma kai ƙara zai yi muku nauyi, tunda bayar da cin hanci ma laifi ne a doka.

Kada ku sayar da gonar. Idan akwai ruwa kusa da ita, ku haɗa masa injin ban ruwa ya shiga noman rani, ya ci gaba da cike takardun neman aikin da aka tallata a fili, waɗanda ba a biyan ko sisi.