Tsohon sojan Amurka da giya ta kama, VA za ta biya shi?

Tambaya: Salam Anti. Yayana ya yi aikin soja a nan Amurka har Iraƙi an kai shi, tun da ya dawo ba ya barci, ƙofa ta buga da ƙarfi sai ya zabura, daga nan ya fara shan giya wai ko zai samu ya runtsa, yanzu abin ya fi ƙarfinsa har aiki ya rasa. Wani ya ce mana ma'aikatar tsoffin sojoji, VA, ba ta ba mashayi ko sisi na kuɗin nakasa. Da gaske ne?
Wata ƙanwa, daga Amurka

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya. Mutumin nan rabin zance ya gaya muku. Eh, tun gyaran dokar da aka yi a 1990, in shaye-shayen ne tushen matsalar ba a biya, ko da hanta ta lalace. Amma a 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar Allen da Principi, ta ce in wani ciwo da aikin soja ya jawo ne ya tura mutum ga kwalba to wannan lissafinsa daban, ana iya biya.

Shi ya sa kar ku shigar da buƙatar da sunan giya kawai. Rashin barcin nan da zaburar, sun yi kama da ciwon firgici da ake kira PTSD, amma fa likita ne zai tabbatar ba ni ba. Ya cike fom 21-526EZ, ya samo takardar likita da ta faɗa ƙarara cewa firgicin ne ya haifar da shan, ke ma ki rubuta abin da idonki ya gani, yadda yake kafin ya tafi da yadda ya dawo, suna karɓar shaidar 'yan uwa. Ranar da za su duba shi kuma don Allah kar kunya ta sa ya ce "lafiya ƙalau", nan ne mutane ke yi wa kansu asara, don abin da ya faɗa na cikin abin da ake auna kason nakasar da za a biya shi a kai, na ciwon ƙwaƙwalwa kashi 0, 10, 30, 50, 70 ne ko 100. In sun ƙi yana da shekara 1 ya ɗaukaka ƙara.

Magani kam ba sai ya jira hukunci ba, ya yi rajista da asibitin VA. Kuma kar ya yanke giyar farat ɗaya shi kaɗai a ɗaki, wanda ya daɗe yana sha jijjiga na iya kama shi, sai da likita. In kin ji yana maganar kashe kansa ki buga 988 ki danna 1.