Kafin ka hau motar Legas da takardar digirinka

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma ba kai kaɗai ba ne ke cewa in samo masa aiki a ɗakin gwajin na'urori. Ka gama injiniyan lantarki, madalla. Sai dai a nan ba takarda ake dubawa ba. Za a zaunar da kai gaban maltimita da osiloskop, na'urorin awon lantarki, a ce ka sa kwamfuta ta sarrafa su, ta ɗauki awo ta rubuta, hannunka bai taɓa maɓalli ba.

Da yawa daga injinan da muke aiki da su tsofaffi ne, 'yan gwanjo. Ka juya bayansu za ka ga wata ƙatuwar kafa mai haƙora 24. GPIB ke nan, hanyar da ake haɗa na'urorin awo da kwamfuta. Hewlett-Packard ce ta ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1960, ya zama ƙa'idar IEEE 488 a 1975, kuma har yau da shi muke cin abinci. Layi ɗaya na ɗaukar na'ura 15, jimillar kebul kada ta wuce mita 20, kowace na'ura da adireshinta tsakanin 0 da 30. In biyu suka yi tarayya a lamba ɗaya, sai ka wuni kana zargin kebul alhali lafiyarsa lau.

Harshen da ake ba su umarni, SCPI, tun 1990 yake. Ka aika *IDN? na'ura ta faɗa maka sunanta, ka aika MEAS:VOLT:DC? ta dawo maka da awo. Amma kada ka ɗauka duka suna jin sa. Waɗanda suka girme shi kowacce da nata yaren, dole ka nemo littafinta ka karanta.

Abin da har yau bai bar raina ba shi ne ranar da na shiga wani kamfani a Ikeja neman aiki. Suna jin sunana suka nuna mini inda ake ɗaukar masu gadi. Aboki, in ji su. Gadi ba abin kunya ba ne, 'yan'uwanmu ne ke yin sa, amma ko tambayata abin da na iya ba su yi ba. Yanzu manhajar da na rubuta ce ke gwaji dare farai a inda nake, da safe a tarar da sakamako. Wannan ne ya sa suka koyi kiran sunana daidai.

Ga wuta kuma: a ɗauke ana tsakiyar awo, a tada janareta, aikin ya koma farko in manhajarka ba ta adana kowane awo nan take ba. Adaftar USB zuwa GPIB tana da tsada, jabu kuma sun yi yawa. Haya ta shekara ake biya gaba ɗaya, ko a Agege.

Saboda haka zauna gida tukuna. Python, harshen rubuta manhaja, da PyVISA, da ke ba shi damar magana da na'urorin awo, kyauta ne, akwai ma PyVISA-sim da ke kwaikwayon na'ura ba sai ka mallake ta ba. Rubuta manhajar da za ta karanta awo ta zuba shi a fayil, ka turo mini. In ta yi aiki, sai mu yi maganar kuɗin mota. Ka gaida su Inna.