Nawa ake kashe wa ƙartin nan biyar na gaba?

Ɗana, jiya muna kwashe kaya bayan atisaye ka tambaye ni: a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, nawa ya kamata kulob ya zuba a kan ƙartin nan biyar da ke yi wa mai jifa, wato wanda ke jefa wa 'yan'uwansa ƙwallo, katanga, tunda ba su cin maki, ƙwallon ma in ban da na tsakiya babu mai taɓa ta? Na ce ka bari sai na zauna. To ga shi na zauna.

Ka fara da sanin cewa kuɗin ƙidayayye ne. A gasar NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka, ana yanka wa kowane kulob iyakar abin da zai biya 'yan wasa a shekara. A 2024 dala miliyan 255.4 ne, kuma a ciki za a sallami mutum 53. Gwanin mai jifa shi kaɗai yana iya lashe sama da miliyan 50. Duk dalar da ka ba ɗan katanga, daga bakin wani ka ciro ta. Shi ya sa ni ban cika damuwa da jimillar kuɗin ba. Abin da nake dubawa shi ne yadda aka raba shi tsakanin mutum biyar ɗin, da kuma na shida da na bakwai da ke zaune a benci.

A sauran gurabe gwani ɗaya yana iya ɗaukar kulob a kafaɗa. Mai cafe ƙwallo guda, in ya iya gudu, ya ishi abokan hamayya ciwon kai. Katanga ba haka take ba. Joe Thomas ya tsare wa Cleveland gefen hagun katanga daga 2007 zuwa 2017, aka saka ƙwallo sau 10,363 a jere bai fita ko sau ɗaya ba, kuma da wuya ka sami wanda ya fi shi a zamaninsa. Amma har ya yi ritaya bai taɓa buga wasan sili-ɗaya-ƙwale ba. Kocin da ke ɗaya ɓangaren ba mahaukaci ba ne, ba zai aika gwaninsa ya yi ta karo da gwaninka ba. Ragon cikin biyar ɗin zai nemo, ya yini a kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsaga ɗaya kuwa ta wadatar.

Ka nemo faifan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, na Fabrairun 2021 ka kalla. Kansas City sun zo da mai jifansu Patrick Mahomes, amma babu 'yan gefen katangarsu biyu: Mitchell Schwartz yana jinyar baya, Eric Fisher kuma agararsa ta tsinke a wasan da ya gabata. Don a toshe gurbin Fisher aka ɗauko na dama aka mayar hagu, aka zaro wani daga ciki aka kai dama, aka cusa wani a gurbinsa. Rauni ɗaya ya taɓa gurbi uku. Mahomes ya yini yana gudun tsira da baya da baya, Tampa Bay suka ci 31 da 9, kuma taran nan duk da bugun ƙafa aka samo su.

Yadda suka gyara shi ne darasin da nake so ka riƙe. A shekarar suka sayi Joe Thuney da tsada, dala miliyan 80 a shekara 5, suka karɓo Orlando Brown daga Baltimore. Sauran kuma a zaɓen sababbin 'yan wasa suka tsinto su: Creed Humphrey a zagaye na 2, Trey Smith a zagaye na 6, kan albashin sabon shiga. Biyu da tsada, biyu da araha. A Fabrairun 2023 suka haɗu da Philadelphia, waɗanda suka kayar da masu jifa sau 70 a kakar, amma ranar ko sau ɗaya ba su kai Mahomes ƙasa ba.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya saye, kuma kai da kanka ka gani ranar Talata ba ka gane ba. Ka tuna lokacin da masu kai hari biyu suka yi musayar hanya, na waje ya kutso ciki, na ciki ya zagayo ta waje? Yaronmu na gefe ya bi nasa har ya yi karo da ɗan'uwansa, mai zagayowa ya wuce salin-alin. Da sun shekara biyu suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa, da jin an tokare shi kawai zai sa ya saki nasa ya karɓi mai zuwa, ba tare da kowa ya ce uffan ba. Mai jifa daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku yake nema, babu lokacin shawara. Don haka in za ka zaɓa tsakanin sabon gwani da riƙe matsakaicin da ya saba da maƙwabtansa, sau da yawa riƙewar ta fi.

Na san za ka kawo mini Cincinnati, don ka cika gardama. Gaskiya ne, a 2021 sun bar ɗan katanga Penei Sewell suka ɗauki mai cafe ƙwallo Ja'Marr Chase, aka kayar da mai jifansu Joe Burrow sau 51 a kakar, duk da haka suka kai Super Bowl. Na yarda, ana iya yin nisa da katanga mai yoyo in mai jifa yana da zuciya. Amma a wasan ƙarshen an kai shi ƙasa sau 7, suka sha kashi 23 da 20, kuma mutum ne da aka riga aka yi wa aiki a gwiwa a 2020. Jikin mai jifa shi ne kadarar kulob mafi tsada. Andrew Luck, mai jifan Indianapolis, yana da shekara 29 ya ajiye wasa a 2019 saboda raunuka sun ishe shi.

In ni ne da wuƙa da nama, ga yadda zan yi. Zan biya mutum biyu kuɗin gwanaye, ɗaya lallai ɗan gefe. Zan zaɓi sabon ɗan katanga kowace shekara ko da ba na bukatarsa yau, don ranar da na tsadan ya nemi ƙari in sami wanda zan tura. Zan ajiye ɗan benci guda da ya iya gefen hagu da na dama, kada in sake rusa gurbi uku saboda mutum ɗaya. Sannan zan nemi malamin katanga na kirki in biya shi ko nawa ne, don albashin koci ba ya cikin iyakar nan. Philadelphia sun ɗauki Jordan Mailata a zagaye na 7 a 2018, ɗan Ostareliya da ya taso a wasan rugby, bai taɓa buga wannan wasa ba. Malamin katangarsu Jeff Stoutland ya zauna da shi ya koya masa tun daga ajiye ƙafa, har ya zama mai tsaron gefen hagun da suka ci Super Bowl da shi a 2025.

Gobe ka zo da wuri, ka ɗauko faifan Talatar nan. Ka bar kallon ƙwallo, ka zuba ido a kan ƙafar dama ta yaron gefen, ka gaya mini a taku na nawa ya makara.