Filin Amsa Tambayoyinku: Digiri na Biyu a Fannin Gudanar da Otal

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni matashi ne mai shekara 27, na yi babbar difloma ta HND a fannin kula da otal da karɓar baƙi, na kammala hidimar ƙasa, kuma yau wata takwas ke nan ina aiki a teburin karɓar baƙi na wani otal. Albashin bai taka kara ya karya ba, ga shi ban hango ƙarin girma nan kusa ba. Mahaifina ya ce a shirye yake ya sayar da wani filinsa domin in tafi Ingila in yi digiri na biyu, in dawo a ba ni manaja. Shin wannan shawara ce mai ɓullewa, ko kuwa in yi karatun a gida? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya saka wa mahaifinka da alheri, amma shawarata ita ce kada a sayar da filin nan bana, kuma kada a sayar da shi baɗi. Karatun yana da amfani ƙwarai, sai dai lokacinsa bai yi ba. Aikin otal sana'a ce da ake hawanta daga ƙasa, kuma da wuya mai otal ya danƙa mabuɗan sito da asusun banki ga wanda bai taɓa rufe lissafin dare ba, wato haɗa lissafin cinikin yini a ƙarshen dare, bai kuma taɓa tsayawa gaban baƙon da ya iso da ƙarfe ɗaya na dare ya tarar an bai wa wani ɗakinsa ba, komai kyan takardar da ya zo da ita. Ko makarantar Lozan ta ƙasar Suwizalan, wadda aka kafa a 1893 kuma ita ce makarantar koyon aikin otal ta farko a duniya, tana sa ɗalibanta na digirin farko su soma da shekara guda suna aiki da hannunsu a kicin da ɗakin cin abinci da gyaran ɗakuna kafin su shiga darussan shugabanci.

Ya kamata ka san abin da ake koyarwa a digiri na biyu, domin mutane da yawa suna zaton ci gaban girki ne da shimfiɗa gado. Mafi yawansa lissafi ne da dabarun kasuwanci. Ɗakin otal kamar tumatir yake a hannun ɗan gwari: daren da ya wuce ba a kwana a cikinsa ba, kuɗin wannan dare ya tafi ke nan, ba a adana shi zuwa gobe. Saboda haka babban darasi shi ne yadda ake sa farashi gwargwadon buƙata, a ɗaga shi a makon da ake babban taro ko biki a gari, a sassauta shi lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Kamfanonin jiragen sama na Amurka ne suka fara wannan dabara bayan gwamnati ta sakar musu mara wajen sa farashi a 1978, daga baya kamfanin Marriott ya shigo da ita harkar otal.

Ga misali domin ka ga inda gizo ke saƙar. A ce otal yana da ɗakuna 100. Idan ya sayar da 80 a kan naira 40,000 kowanne, ya tara naira miliyan 3.2 a dare ɗaya. Idan kuwa ya sayar da 60 kacal a kan naira 60,000, ya tara miliyan 3.6, kuma ya huta da wankin zannuwan ɗakuna ashirin da kunna na'urorin sanyaya su da karin kumallon mutanen cikinsu. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon motoci zai ce otal na farko ne ke ciniki, amma manajan da ya san aikinsa yana raba abin da aka samu ne a kan dukkan ɗakuna ɗari, waɗanda aka kwana da waɗanda ba a kwana ba. A Najeriya kuma akwai ƙarin wani lissafi da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, wato na wuta da man dizal, musamman tun watan Afrilun 2024 da aka ninka kuɗin lantarki fiye da sau uku ga masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta awanni masu yawa. Ɗalibin da ya shekara biyu ko uku yana ganin waɗannan alkaluma da idonsa zai shiga aji da tambayoyi na gaske, wanda bai gan su ba kuwa haddar ƙa'idoji kawai zai yi ya ci jarrabawa.

Darasi na biyu mai nauyi shi ne dangantakar mai gini da mai gudanarwa. Mafi yawan otal-otal masu ɗauke da sunan Hilton ko Marriott ba mallakar waɗannan kamfanoni ba ne. Otal ɗin Hilton na Abuja, wanda aka buɗe a 1987, mallakar kamfanin Transcorp ne na Najeriya, Hilton kuwa yana gudanar da shi ne bisa yarjejeniya, kuma a irin wannan tsari kamfanin da ke gudanarwa yakan karɓi kaso daga cikin ciniki da wani kason daga riba. Shi ya sa otal yake iya sauya suna ginin yana nan inda yake, kamar yadda tsohon Sheraton na Abuja ya koma Abuja Continental. Yadda ake rubuta irin wannan yarjejeniya, da yadda ake ƙiyasta ko sabon otal zai mayar da jarinsa, da yadda ake ware kuɗin sabunta katifu da famfuna kafin su lalace, su ne ainihin abin da kake saye da kuɗin makarantarka. A ganina nan ne Arewa ta fi ƙarancin ƙwararru. Mun ga manyan otal-otal da gwamnatoci suka gina a shekarun 1970, irin su Durbar a Kaduna da na Bagauda a Kano, yau babu ko ɗaya daga cikin biyun da ke karɓar baƙi kamar da, kuma har gobe attajiranmu suna kashe ɗaruruwan miliyoyi a gini sannan su ɗora ɗan'uwa a kan kujerar manaja don amana kawai.

Batun takardarka kuma, a jami'o'in Najeriya mai HND yakan fara yin PGD, wato diflomar share fagen digiri na biyu, wadda ke ɗaukar kimanin shekara guda, kafin a ɗauke shi digiri na biyu, kuma za a nemi shaidar hidimar ƙasa da cikakken sakamakon karatunka daga makarantar da ka gama. Ka fara neman wannan sakamako da wuri, domin yakan ɗauki lokaci kafin ya fito. Cibiyar NIHOTOUR ta gwamnatin tarayya, mai horar da ma'aikatan otal da yawon buɗe ido, tana da reshe a Bagauda, amma duk inda za ka yi PGD, ka tambayi jami'ar da kake son zarcewa tukuna ko tana karɓar takardar wurin. Akwai kuma hanyar da na fi so ga mai irin halinka: ka yi PGD a fannin gudanarwa, sannan ka yi MBA, wato digiri na biyu a gudanar da kasuwanci, na ƙarshen mako ko na nesa a Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Bayero, kana ci gaba da aikinka. Ilimin otal kana da shi tun daga HND, abin da ya rage maka shi ne na kuɗi da na sarrafa ma'aikata.

Idan kuma waje ne ya zauna maka a rai, to a yi lissafin da idanu buɗe. Digiri na biyu a Ingila shekara ɗaya ne, kuma Jami'ar Surrey ta yi suna a wannan fanni, amma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, ɗalibai da yawa da suka tafi da kuɗin zango ɗaya a hannu sun shiga tsaka mai wuya. Tun Janairun 2024 kuma ba a barin mai irin wannan digiri na kwas ya tafi da iyalinsa. Makarantun Suwizalan, irin su Lozan da Glion da Les Roches, da ta Jami'ar Cornell a Amurka wadda ta fara a 1922, su ne a sahun gaba, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin fili ɗaya a mafi yawan unguwannin Kaduna. Maleshiya ta fi sauƙi, kuma Jami'ar Taylor's tana da daraja a fannin. Duk inda ka nufa, ka nemi amsa a rubuce a kan abu biyu: ko suna karɓar HND ta Najeriya kai tsaye, da kuma ko kwas ɗin ya haɗa da watannin aiki a wani otal, domin wannan aikin ne kan buɗe ƙofar ɗaukar ma'aikaci. Ka kuma tabbatar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta amince da makarantar, ka tuna yadda aka dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo a farkon 2024. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda ke biyan kuɗin makaranta da na zama, yana buƙatar ƙwarewar aiki ta aƙalla shekara biyu, ka ga ke nan haƙurin da nake ba ka zai iya sa filin ya tsira gaba ɗaya.

Kafin lokacin, ka roƙi manajanka ya riƙa zagayawa da kai: ka yi aikin rufe lissafin dare, ka zauna da mai sito da akanta, ka shiga sashen taruka da bukukuwa. Ka koyi manhajar Opera da manyan otal-otal ke amfani da ita, ka kuma ƙware a Excel.

Tambaya: Malam, ni budurwa ce, ina da digiri a fannin abinci da gina jiki, kuma ina sha'awar wannan karatu, amma iyayena sun ce ’ya mace mai mutunci ba ta aikin otal. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Malama, kada ki ɗauki maganar iyayenki a matsayin rashin wayewa, domin tsoronsu yana da tushe. Akwai wuraren da suka ɓata wa sana'ar suna, akwai aikin dare, kuma manyan otal-otal na ƙasa da ƙasa suna sayar da barasa, har wasu kwasa-kwasai a Turai sukan haɗa da darasi a kanta. Hukuncin aiki a irin waɗannan wurare na malaman addini ne, ki tambaye su, sannan ki karanta jerin darussan kowane kwas kafin ki cike fom.

Abin da ya kamata ki nuna wa iyayenki shi ne fannin ya fi otal faɗi nesa ba kusa ba. Ciyar da marasa lafiya a asibiti, da ɗalibai a makarantun kwana, da fasinjojin jirgin sama, da gudanar da ɗakunan taro da na bukukuwa waɗanda suka cika birnin Kano, duk a ƙarƙashinsa suke. Haka kuma masauki da ciyarwar dubban alhazan Najeriya a Makka da Madina, wanda Hukumar Alhazai ta Ƙasa da aka kafa a 2006 take sa ido a kai, aiki ne na wanda ya san kwangila da tsaftar abinci da lissafin yawan ci. Da digirinki na farko, idan kika ƙara da ilimin tsarin HACCP na kare abinci daga gurɓata, za ki shiga sahun da mata ba su da yawa a cikinsa. Idan kuma koyarwa kike so a kwalejin kimiyya da fasaha ko jami'a, to ke kam digiri na biyu dole ne, kuma ba sai kin jira shekarun da na ce mai tambaya ta farko ya jira ba. Ki nemi wata babbar mace da ke koyar da fannin ko take gudanar da kamfanin abinci ta zauna da mahaifiyarki, sau da yawa irin wannan zama ya fi dogon musu tasiri.

Tambaya: Ina da digirin lisans a fannin gudanarwa, kuma burina in yi masta sannan in nemi aiki a otal-otal ɗin Saudiyya. Ina ya dace in nufa? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, tun da da Faransanci ka yi karatu, Maroko ta fi kusa da kai ta fuskar harshe da kuɗi, kuma birnin Tanja yana da tsohuwar babbar cibiyar gwamnati ta koyar da yawon buɗe ido da aikin otal. A tsarin da kuke bi masta, wato digiri na biyu, shekara biyu ce bayan lisans, wato digirin farko. Kafin ka tafi, ka nemi aiki ko da na gwaji ne a ɗaya daga cikin manyan otal-otal ɗin Yamai, irin su Radisson Blu da aka buɗe a 2019 domin taron ƙolin Tarayyar Afirka, saboda sunan irin wannan kamfani a takardar aikinka ana gane shi a ko'ina. Saudiyya tana faɗaɗa harkar sosai tun da ta ƙaddamar da shirinta na bunƙasa tattalin arziki zuwa 2030 a 2016, ta kuma fara ba da bizar yawon buɗe ido a 2019, amma tana ware wa ’yan ƙasarta muƙamai da yawa a otal-otal, musamman na shugabanci da teburin karɓar baƙi. Abin da zai fifita ka a Makka da Madina shi ne harshe, wato Larabci da Ingilishi a kan Faransanci da Hausar da kake da su, kuma kada ka biya kowane dillali kuɗi sai ka ga kwangilar aiki da bizar aiki da sunan kamfanin da zai ɗauke ka.