Jijiya, Shawara da Amosanin Jini: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Wata ɗaliba mai koyon aikin jinya ta rubuto tana cewa: "Malam, a aji abubuwa daban-daban aka koya mana, kowanne da sunansa, amma in na zo yi wa majinyaci bayani da Hausa, duk 'jijiya' nake ce musu. Yaya zan yi?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika damu da wannan. Bahaushe ya raɗa wa abin suna ne bisa yadda idonsa ya gan shi: duk wani abu dogo, siriri, mai tauri da ya ratsa cikin tsoka, jijiya ne. Ba mu kaɗai muka yi haka ba. A tsohon Girkanci, kalmar da likitoci suka aro suka sa wa jijiyar saƙo, asalinta tana nufin jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, kuma Larabci ma ya haɗa biyun a kalmar "asab". Bincike ne ya zo ya rarrabe su a hankali. Ibn al-Nafis, likita Balarabe, a ƙarni na 13, ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu, William Harvey, likitan Ingila, kuma ya bayyana kewayawarsa a jiki gaba ɗaya a 1628.

Abin da za ki yi shi ne ki daina sakin kalmar ita kaɗai. Akwai jijiyar jini, ita ma kashi biyu: mai ɗaukar jini daga zuciya, wadda kike jin bugunta a wuyan hannu, da mai mayar da shi zuciya, wadda kike nema in za ki ɗibi jini ko ki sa ƙarin ruwa. Akwai jijiyar saƙo, mai fitowa daga ƙwaƙwalwa da laka. Guda 12 bibbiyu suna fitowa daga kai, 31 bibbiyu daga laka, su ne ke kai umarni ga tsoka, su kawo labarin zafi da sanyi da taɓawa. Ta jini kamar bututun ruwa take, ta saƙo kamar wayar lantarki. Sai jijiyar tsoka, mai ɗaure tsoka da ƙashi, wadda babbarta ta bayan diddige muke kira agara.

Harshen kansa ya san bambancin in kika saurare shi. In aka ce mutum ya ta da jijiyar wuya, jijiyoyin da ke firfitowa a wuyan mai gardama ake nufi, waɗanda ido ke gani. In kuwa aka ce "ba shi da laka", ana nufin jikinsa ya mutu, ba kuzari, kuma lakar nan ita ce babbar hanyar saƙo da ke cikin ƙashin baya. Wanda lakarsa ta tsinke a haɗarin mota, ƙafafunsa na nan lafiya lau amma ba ya iya motsa su. A shanyewar ɓarin jiki kuwa jijiyoyin biyu ne suka haɗu: ta jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, sai saƙo ya daina isa ga ɗaya ɓarin. In kika ce wa 'yan'uwan majinyaci "ciwon jijiya ne" kika yi shiru, tausa za su tafi nema, alhali hawan jini ne ya kamata a sa wa ido.

Wani dattijo ya tambayi ma'anar "hanta da jini", da ake faɗa wa mutum biyu da suka shaƙu.

Baba, ma'anar ita ce ba a raba su, inda ka ga ɗaya za ka ga ɗayan. Duk wanda ya taɓa yanka hanta ya san ba a wanke ta ta rabu da jini, daga nan maganar ta fito. Ilimin likita ya gaskata ta: hantar baligi nauyinta kusan kilo ɗaya da rabi ne, amma kusan rubu'in jinin da zuciya ke turawa ta cikinta yake bi, kuma ta hanya biyu yake shigar ta, ɗaya daga zuciya, ɗaya daga hanji ɗauke da abin da aka ci. Ita ke tace shi, ta adana suga, ta haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare in an ji rauni.

Wannan ta kai mu ga tambayar da ta fi damuna. Wata uwa ta ce an gaya mata jaririnta yana da shawara, a rediyo kuma ta ji ana rigakafin cutar shawara, maƙwabcinta mai ciwon hanta shi ma shawara ake cewa yana da ita. "Cuta ɗaya ce?"

'Yar'uwa, ba ɗaya ba ce. Shawara a bakin Bahaushe sunan alama ce: ido ya yi rawaya, fata da tafin hannu su bi, fitsari ya yi duhu. Abin da ke kawo launin wani sinadari ne da ake kira bilirubin. Jajayen ƙwayoyin jini suna yin kwana kusan 120 su mutu, daga ragowarsu bilirubin ke fita, hanta ta sarrafa shi ta zuba cikin ruwan maɗaciya, ya gangara hanji ya fita da bayan gida. Ko dai ƙwayoyin su riƙa fashewa fiye da kima, ko hantar ta kasa aiki, ko hanyar maɗaciyar ta toshe: kowanne daga cikin ukun zai sa ido ya yi rawaya.

Wadda kika ji a rediyo zazzaɓin shawara ne, ƙwayar bairos ce da sauro ke yaɗawa, allura ɗaya kuma tana ba da kariya har ƙarshen rayuwa. Ciwon hanta nau'in B wata ƙwayar ce daban, tana bi ta jini da saduwa da kuma daga uwa zuwa ɗa wajen haihuwa, shi ya sa ake son a yi wa jariri allurarta cikin awa 24 na farko. Ta jaririnki kuwa, galibi hantarsa ce ba ta gama ƙwari ba, takan bayyana a makon farko ta wuce. Amma in ta fito tun ranar haihuwa, ko launin yana ƙaruwa, ko ya ƙi kama nono yana ta barci, a kai shi asibiti ba tare da jira ba, domin bilirubin in ya yi yawa yakan taɓa ƙwaƙwalwa. Da hasken wata fitila ta musamman ake saukar da shi. Ina roƙon masu fassara labarai su riƙa cewa "zazzaɓin shawara" cikakke, su bar wa alamar sunanta.

Wani saurayi mai shirin aure ya ce: "Sikila da amosanin jini, wanne ne daidai?"

Duka biyun sun zauna, ɗana. Sikila aro ce daga kalmar Turanci mai nufin lauje, saboda siffar da ƙwayar jinin ke komawa, wadda likita James Herrick ya bayyana a Amurka a 1910. Amosanin jini kuwa ƙirar gida ce, kuma ni na fi son ta. Dubi 'yan'uwanta: amosanin kai, amosanin ido, amosanin gaɓɓai. Duk ciwo ne mai naci, ya lafa ya dawo, haka kuma wannan yake ga mai shi. Tushensa yana cikin himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar da muke shaƙa a cikin jini. Masanin kimiyya Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna haka a 1949, sannan wani masanin, Vernon Ingram, ya gano a 1956 cewa canjin da ke cikin furotin ɗin a wuri ɗaya tak yake. Ƙwayar da ta lanƙwashe takan maƙale a ƙananan jijiyoyin jini, ciwon ƙashin ke nan, kuma kwana 10 zuwa 20 kawai take yi, dalilin ƙarancin jini da rawayar idon da ake gani ke nan. Gado ne daga uwa da uba tare. In kai AS ne, wato kana ɗauke da gadon daga ɓangare ɗaya amma ba ka da ciwon, ita ma AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato mai ciwon. Ba wai a cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai samu ba, kowane ciki lissafinsa sabo ne. Ku yi gwajin jinin da ke nuna haka tun magana ba ta yi nisa ba.

Mai tambaya a kan kaluluwa kuma: ƙananan ƙulle-ƙulle ne da kowa ke da su a hammata da wuya da matsematsi, suna tace ƙwayoyin cuta. Mu sai sun kumbura muke kiran sunansu, yawanci saboda rauni ko ƙurji a kusa, su saɓe in ya warke. Wadda ta yi makonni ba ta saɓe ba, musamman mai tauri marar zafi, ko ta zo da rama da gumin dare, likita ya kamata ya duba ta.