Ɗauke hannun hagunka tukuna, sannan mu yi maganar Hammond

Tambayarka ita ce: "Maigida, an ɗauke ni fiyano a ƙungiyar da ke kwaikwayon Grateful Dead da Allman Brothers. Na zauna na haddace abin da ke cikin faifai tsaf, amma a wurin gwaji mai jita ya ce ina cika wuri, mai bes sai hararata yake yi, kuma da an shiga dogon jam, inda kowa ke ƙirƙirar kiɗa nan take, sai in ɓace. Ko kayana ne ba su kai ba?"

To ɗana, kada ka ɗora wa kaya laifi tun yanzu. Haddar da ka yi ce ta fara ɓatar da kai. Grateful Dead sun fara a Kalifoniya a 1965, suka tsaya a 1995 bayan rasuwar babban mai jitarsu Jerry Garcia, kuma a tsawon shekarun nan talatin an san su da cewa ba sa kaɗa waƙa ɗaya iri ɗaya sau biyu. Faifan da ka haddace aikin dare ɗaya ne. Abin da mai fiyanonsu ya danna a daren, martani ne ga abin da mai jita ya yi a gabansa. Naka mai jitar bai yi wannan ba, kai kuma ka kawo amsar tambayar da ba a yi maka ba. A wannan kiɗa kai ɗan amshi ne, kuma ɗan amshi sai ya ji abin da aka faɗa yake buɗe baki.

Ga yadda ake koyon waƙarsu. Ɗauki guda ɗaya, ka nemo yadda aka kaɗa ta a 1972 da 1977 da 1989. Ba wuya, domin sun bar masoyansu suna naɗar wasanninsu, kuma dubbai suna nan a rumbun intanet na Internet Archive. Saurari ukun a jere. Abin da bai canza ba a cikinsu, wato gabatarwa, jerin kod, wata 'yar jimla da kowa ke jira, da yadda ake rufewa, shi ne waƙar, shi za ka riƙe daram. Sauran duk fili ne. Rubuta wannan ƙashin bayan a shafi ɗaya, da manyan baƙaƙe yadda za ka iya gani a duhun dandamali.

Sai ka tambayi shugaban ƙungiyarku zamanin da yake nufi, don kujerar nan mutane da yawa sun zauna a kanta kuma ba hannu ɗaya gare su ba. Ron McKernan, wanda ake kira Pigpen, ya kaɗa ogan ta lantarki Vox Continental sannan ya koma ogan Hammond, kuma ba ya yawan ado. Keith Godchaux, daga 1971 zuwa 1979, ɗan fiyano ne zalla, yana yawo a tsakanin jitoci kamar mai tsinto abin da ya zube. Brent Mydland, daga 1979 zuwa 1990, ya dawo da Hammond B-3 da ƙarfinta, ga shi yana ɗaukar babbar muryar sama a amshi. Idan zamaninsa za ku yi, ka sani har da waƙa a aikinka, ka nemi sandar makirufo mai lanƙwasa. A ɓangaren Allman Brothers, waɗanda suka haɗu a 1969, Gregg Allman yana zaune ne a kan Hammond yana shimfiɗa wa jitoci biyu tabarma, sai Chuck Leavell ya shigo a 1972 da fiyano mai gudu. Akwai masu tsanantawa irin Dark Star Orchestra, da suke ɗauko wasan wani dare guda su maimaita jerin waƙoƙinsa da irin kayan shekarar. Ku ba lallai ku kai can ba, amma kada ka sa sautin 1989 a kan waƙar da sauran ke kaɗawa irin ta 1972. Masu sauraron wannan kiɗa kunne gare su, za su gane.

Yanzu ga hararar mai bes. Ƙirga mutanen da ke dandamalin: jita biyu, bes ɗaya, kuma duka ƙungiyoyin nan biyu sun yi aiki da masu ganga biyu. Igiyar bes mafi kauri tana kusan hertz 41, ta jita 82, C ta tsakiyar fiyanonka 262. Duk abin da hannun hagunka ke dannawa ƙasa da wannan C, gonar wani ce. Wanda ya saba kaɗa fiyano shi kaɗai ya saba riƙe gindin kod da hagu, saboda babu mai riƙe masa. Nan akwai. Kuma idan mai bes ɗinku yana bin salon Phil Lesh, mai bes na Grateful Dead, ba ya ma zama a gindin, yawo yake yi da gangan. Kai ka danne A a ƙasa, shi ya tafi B, sai sautin ya dagule kamar kunun da ya yi gudaji. Sarki biyu ba sa zama gari ɗaya. A gwaji uku masu zuwa, ɗora hannun hagu a cinya ko a kan sandunan ja masu daidaita sautin Hammond, ka kaɗa da dama kaɗai. Zai yi maka kamar ba ka yin komai. Naɗi gwajin a waya ka saurara da safe, sannan ka yanke hukunci.

Da hannun daman ma, maɓalli uku sun isa. A jam ɗin da ke kai da komo tsakanin Am da D, danna G, C, E a kan Am. Da an koma D, sauke babban yatsa daga G zuwa F#, ka bar sauran biyun inda suke. Yatsa ɗaya ya motsa, kod ya canza, kuma ba ka taɓa gindin ba. Idan A da G ne, E, A, C# ya sauko D, G, B. Ko ma ka riƙe A guda ɗaya can sama a kan duka biyun, ka bar ta tana ta tsuwa. Sai ka kalli hannun mai jitar da ke riƙe kiɗa. Salon Bob Weir, mai wannan jitar a Grateful Dead, ya cika tsakiya da kod masu juye-juye, don haka idan yana tsakiyar wuyan jita kai ka hau sama, idan ya hau ka sauko.

Hammond ba fiyano ba ce, kuma nan ne 'yan fiyano suke faɗuwa. Ko ka doka maɓallin ko ka shafa, ƙarar ɗaya ce. Ba ta da fedar riƙe sauti, da ka ɗaga yatsa ta yi shiru, don haka sai ka koyi musanya yatsa a kan maɓalli ba tare da ka sake shi ba. Ƙarfi da laushi duk a ƙafar dama suke, a kan fedar ƙara. Kada ka taka ta har ƙasa ka manta. Zauna a kashi ɗaya cikin uku lokacin da mawaƙi ke magana, ka tura idan ya ja numfashi, ka janye kafin ya dawo.

Sandunan ja tara ne, kowace daga 0 zuwa 8: biyun farko ruwan ƙasa, sauran farare da baƙaƙe. Fara da 888000000, shi ne tuwon yau da kullum. Amma lura, sanda ta farko, mai lamba 16, tana fitar da sauti hawa guda ƙasa da maɓallin da ka danna. Ke nan kana C ta tsakiya, ita tana can 131, cikin gonar da na ce ka bari. A bayan mawaƙi mayar da ita 4, ko ka matsar da hannunka hawa ɗaya sama. Idan kiɗa ya fara zafi jawo ta huɗu, 888800000. Na sama masu tsini ka riƙa jawo su kaɗan-kaɗan kana cikin kiɗa. Duka tara a 8 na ƙololuwa ne, sau ɗaya ko biyu a dare. Wanda ya fara da su a waƙar farko ba shi da abin da zai ƙara a ta goma.

Akwai kuma ɗan ƙyas ɗin nan da ke fitowa a bakin sauti idan ka kunna maɓallan fakashon. Yara da yawa sukan ce nasu ya lalace. Lafiyarsa ƙalau: ba ya sake fitowa sai ka saki duk maɓallan bene na sama cikin jerin maɓallanta biyu. Idan kana jan yatsu a manne, na farko kaɗai zai samu. Kana son sa a kowane sauti, sai ka riƙa tsinke su. Kuma muddin yana kunne, sanda ta tara ba ta aiki, haka aka ƙera ta.

Leslie, akwatin sifikar da ake haɗa wa Hammond, ita ce rabin muryar. A cikin akwatin 122 ko 147 akwai ƙaho mai juyawa a sama da ganga mai juyawa a ƙarƙashin sifika mai inci 15, an raba musu sauti a hertz 800. A hankali suna zagaye 40 zuwa 50 a minti, da sauri ƙahon yana kai wajen 400. Ƙahon ba shi da nauyi, nan da nan ya kai. Gangar sai ta ɗauki daƙiƙoƙi tana bin sa. Daɗin yana cikin wannan tsakanin, lokacin da ɗaya ya riga ɗaya. Saboda haka juya ta zuwa sauri kafin kiɗa ya kai ƙololuwa da kamar bugu huɗu zuwa takwas, ka mayar da ita a hankali daidai inda mawaƙi zai shigo. Barin ta a sauri tun farko har ƙarshe yana gajiyar da kunne, kuma yana sa jitoci su yi kamar ba a ɗaure su daidai ba.

Batun saye: ni ban ba ka shawarar B-3 ta gaske yanzu ba. An daina ƙera ta tun tsakiyar shekarun 1970, da bencinta da fedojinta ta doshi kilo 190, ga Leslie kusan 70, tana son mai duk shekara, kuma injinta da bugun wutar lantarki yake riƙe sauti. Wadda aka yi wa wutar Amurka mai hertz 60, ka sa ta a mai 50 irin ta Najeriya ko Turai, sai ta sauko da kusan rabin taki uku. A wasan fili kuma, janareta na tangaɗi ita ma tana tangaɗi. Allo biyu sun ishe ka: mai nauyin maɓalli a ƙasa don fiyano da sautin fiyanon lantarki na Rhodes da Wurlitzer, sai mai maɓalli 61 marasa nauyi masu santsin baki a sama, irin Nord Electro ko Hammond SK, wanda za ka iya share shi da tafin hannu ba tare da ya yanke ka ba. Wanda ba shi da sandunan ja na taɓawa da hannu, bar musu kayansu. Idan ka ƙara fedar Leslie ta waje irin Neo Ventilator, kashe ta cikin allon, in ba haka ba juyi biyu ne a kan juna.

Wurin gwajin sauti tambayi mai miksa ko layi ɗaya zai ba ka ko biyu. Idan ɗaya ne, zaɓi sautin fiyanon da aka yi don layi ɗaya, domin mai biyu idan aka matse shi yakan rame, tsakiyarsa ya ɓace. Ce masa ya yanke maka ƙasa da hertz 100 zuwa 120. Sifikarka ka ɗora ta a kan wani abu ta fuskanci kunnenka, ba gwiwarka ba. Yawancin masu ƙara murya har su dame kowa, ba sa jin kansu ne kawai. Ka sa matoshin kunne na makaɗa mai rage desibel 15, wasan nan yana kai awa uku. A jaka kuma kada a rasa wayar sauti biyu ta ajiya, da adafta, da fedar riƙe sauti ta biyu. Wasu allunan idan ka kunna su ƙafarka na kan feda sai ta juye, ta riƙe sauti idan ka saki. Kashe ka sake kunnawa, ba lalacewa ta yi ba.

Saura ɓacewa a jam. Mafi yawansu a kan tsani biyu suke tafiya. A kan A, Miksolidiyan shi ne A B C# D E F# G, Doriyan kuma sai C# ta koma C. Sauti ɗaya ne ya raba su, kuma mai jita yana iya ƙetarawa daga wannan zuwa wancan ba sallama. Idan ba ka tabbatar inda yake ba, riƙe A da E kawai, ka bar na tsakiyar har kunnenka ya kama. Idan ma gindin ya ɓace maka, ɗaga hannu gaba ɗaya. Ba wanda zai zarge ka da shiru na bugu takwas, amma C# a kan C kowa zai ji. Maɓallin nan na sauya ma'aunin allo da wasu ke dogara da shi, manta da shi: a zango na biyu ana zarcewa daga waƙa zuwa waƙa ba tsayawa, babu lokacin latsa shi, kuma ranar da ka manta ba ka mayar ba za ka shiga waƙa ta gaba a karkace.

Wasu waƙoƙin ba a kan huɗu suke ba. Akwai mai bakwai, mai goma, mai goma sha ɗaya. Kada ka ƙirga su a miƙe: bakwai huɗu da uku ne, sha ɗaya uku, uku, uku, biyu. Cikin masu ganga biyu zaɓi ɗaya ka bi ƙafarsa, taura biyu ba ta taunuwa. Ku kuma yi yarjejeniya tun a gwaji kan alamar dawowa, ko mai jita ya maimaita jimlar waƙar sau biyu, ko ya ɗaga wuyan jitarsa. Wannan yana nufin ka kafa allonka a inda kake ganin hannunsa na hagu da fuskar mai ganga, ko da za ka ba masu kallo gefenka.

Idan aka ba ka fili, fara da sauti uku ko huɗu, ko ka ɗauko jimlar ƙarshe da mai jita ya ajiye ka juya ta. Zagaye na farko a tsakiyar allo, Leslie a hankali. Na biyu hau sama, jawo sanda ta huɗu. Na uku ne za ka saki Leslie ka taka feda. Kafin ka gama da bugu huɗu ɗaga kai ka kalli wanda zai karɓa, ka sauko da fedar, ka mayar da sandunan 888000000.